Koren shayi da ciwon dajin bututun matsarmama

Assalamu alaikum, masu kallo. A kowace fada ta Damagaram akwai butar shayi bisa gawayi, kuma ganyen da ake dafawa sau uku a cikinta koren shayi ne da ake shigowa da shi daga ƙasar Sin. Wannan ganye ya bambanta da baƙin shayi ne saboda ana dumama shi da zarar an tsinke shi, abin da ke hana sinadaransa da ake kira katekin lalacewa. Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne EGCG, kuma shi ne masana ke gwadawa a kan ciwon dajin bututun matsarmama.

Bututun nan shi ke kwashe ruwan ɗaci daga hanta zuwa hanji domin narka maiƙo. Ciwon daji yakan yi girma a cikinsa shiru, sai ya toshe hanyar sannan idanu su yi rawaya, jiki ya yi ƙaiƙayi, fitsari ya yi duhu, mutum ya fara ramewa. A arewa maso gabashin Tailan, inda ya fi yawa, babban sanadinsa tsutsar hanta ce da ake ɗauka wurin cin ɗanyen kifi. Cutar hanta nau'in B da C, wadda ta yawaita a yankinmu, ita ma tana ƙara haɗarin kamuwa da shi.

A ɗakunan gwaji, an zuba EGCG a kan ƙwayoyin wannan ciwo da aka raya cikin kwano, aka ga yaɗuwarsu ta ragu, wasu kuma suka mutu ta hanyar da jiki ke bi wajen kawar da lalatattun ƙwayoyinsa. An kuma ga yana ƙara wa maganin ciwon daji na gemcitabine ƙarfi a kansu, kuma wannan yana da muhimmanci, domin gemcitabine haɗe da wani maganin mai suna cisplatin ne ginshiƙin jinyar waɗanda ciwonsu ya wuce tiyata tun daga shekarar 2010.

Sai dai abin da ya faru a kwanon gwaji bai zama magani ga ɗan Adam ba tukuna. Kaɗan ne daga cikin EGCG ke tsallake hanji ya shiga jini, hanta kuma takan sarrafa shi da sauri, saboda haka shayin fada ba ya kai adadin da aka yi gwajin da shi. Neman cike giɓin da ƙwayoyin shayi na kanti kuwa yana da haɗari, domin a 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa miligiram 800 na EGCG ko fiye a rana na iya taɓa hanta, wato gaɓar da take fama tun farko.

Wanda idanunsa suka yi rawaya kada a tsaya yi masa jiƙon shawara a gida. A kai shi Babban Asibitin Ƙasa na Zinder a auna jininsa, a yi masa hoton ciki, domin tiyata ce kaɗai ke iya warkar da wannan ciwo, kuma tana yiwuwa ne idan an gano shi da wuri.