Kawu, su ma Turawa suna faɗan jam'iyya

Assalamu alaikum mutanen Damagaram, na Birni da na Zango, da 'yan fadarmu ta bayan kasuwar Dole. Ga ni a Faris. Ku dubi bayana, majalisar dokokin Faransa ke nan. Yuro biyu da rabi na biya a metro, ya fi jaka da rabi, don in nuna muku wurin nan, domin maganar da Kawu ya yi mini jiya a waya ta tsaya mini a rai. Wai mu kaɗai ke yayyaga jam'iyya, Turawa kansu a haɗe yake. Kawu, Allah ya ja da ranka, ba haka ba ne.

A dandalin nan ofishin jam'iyyar Les Républicains yake a watan Yunin 2024. Gidan su Chirac da Sarkozy ne, tsofaffin shugabannin Faransa, masu ra'ayin riƙau, masu cewa su ne magadan De Gaulle. Macron ya rushe majalisa ranar 9, kwana biyu bayan haka shugabansu Éric Ciotti ya fito a talabijin ya ce zai haɗa kai da jam'iyyar Marine Le Pen, mai tsananin adawa da shigowar baƙi. Manyan gidan suka ce sam. Washegari ya sa aka garƙame ofishin, suka taru a wani waje suka kore shi, sai ga wata babba a cikinsu, Annie Genevard, ta zo da ɗan makulli na biyu ta buɗe ƙofa. Kotu kuma ta dakatar da korar. Ina wurin aiki ina kallo a waya, wallahi jam'iyyar CDS Rahama ta can gida Nijar ce ta faɗo mini, lokacin da Mahamane Ousmane da Abdou Labo suka yi ta ja har kotu. Mun ga yadda 'yan gida ɗaya suka daina gaisawa a Zinder, abin ya yi mini ciwo a lokacin, har yau bai bar ni ba.

Amma abin da ya fi damuna, rigimarsu a kanmu take, mu baƙi. Akwai masu riƙe da layin Chirac, wanda a 2002 ya ƙi ko zama muhawara da mahaifin Marine, irin su Xavier Bertrand. Akwai waɗanda suka ƙi Ciotti amma bakinsu a kan baƙi ya kusa zama ɗaya da nasa. Bruno Retailleau, lokacin da yake ministan cikin gida, a Janairun 2025 ya mayar da shekarun zaman da ake nema kafin a duba ba mutum takardu daga 5 zuwa 7. Shi ya kayar da Laurent Wauquiez a zaɓen shugabancin jam'iyyar a watan Mayu, da kashi 74. Wauquiez ɗin ne ma ya ce a kwashe wasu da aka umarta su bar ƙasa a kai su tsibirin Saint-Pierre-et-Miquelon, can kusa da Kanada.

Ni alhamdu lillahi takarduna sun cika, da gumina na same su. Amma ƙanena da ke ta aiko mini saƙo yana son tahowa, ka ji da kyau: kada ka sayar da babur ɗinka. Na san wanda ya shekara shida a nan, ko jana'izar mahaifiyarsa bai je ba.

Sanyi ya fara shiga hannuna. Ku sha mini shayin farko, a gaida Inna.