Bindiga a Bayan Ƙofa: Hukuncin Mai Sakaci da Makami a Cikin Gida a Kamaru

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo. Ina yi muku magana daga Garwa, babban birnin yankin Arewa na ƙasar Kamaru, inda neman halali ya kawo ni daga Najeriya. Yau ba zan zagaya da ku kasuwa ko bakin kogin Binuwai ba, zama zan yi a zaure mu tattauna a kan bindigar da ake ajiyewa a cikin gida, da kuma abin da maigida yake fuskanta a gaban hukuma ranar da ta tashi a hannun da bai dace ba.

Ba na ganin laifin wanda ya ji yana bukatar makami a wannan yanki. Duk wanda ya san irin ɓarnar da masu garkuwa da mutane suka yi wa makiyaya a Adamawar Kamaru da Mayo-Rey, ko ya ji labarin 'yan fashin hanya da ake kira zargina, ko ya san halin da mutanen Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga suka shiga saboda Boko Haram, zai fahimci dalilin da ya sa magidanci yake son kwana da abin kare kai kusa da shi. Akwai kuma mafarauta waɗanda bindiga sana'arsu ce tun kaka da kakanni. Abin da ke damuna shi ne inda ake ajiye ta da yanayin da ake barin ta a ciki.

Kwanakin baya na shiga turakar wani abokin cinikina domin mu yi lissafin kaya. Ina zama sai idona ya kai bayan ƙofa, na ga bindigar farauta mai baki ɗaya a jingine, an lulluɓe ta da tsohuwar babbar riga, gindinta a ƙasa, bakinta yana kallon rufi. Na ce masa, “Alhaji, da harsashi a cikinta?” Ya ce, “To idan babu, mene ne amfaninta da tsakar dare? Kuma ai babu mai shigo mini ɗakin nan.” Bai rufe baki ba sai ga ɗansa, yaro wanda bai wuce shekara bakwai ba, ya turo ƙofar da ƙafa saboda hannayensa suna riƙe da farantin shayi. Ƙofar ta daki bindigar, ta ɗan zame a jikin bango, sannan ta tsaya. Alhaji ya yi shiru, ni ma na yi shiru, yaron kuma ya ajiye shayin ya tsaya yana kallon rigar da aka lulluɓe, kallon wanda ya riga ya san abin da ke ƙarƙashinta.

Hujjar Alhaji ba ta banza ba ce, domin makamin da ba za a iya kai hannu gare shi da sauri ba, ba ya kare kowa. Sai dai ɓarawo, idan ma zai zo, a dare ɗaya zai zo, yara kuwa kullum suna cikin gidan, sun san ƙarƙashin katifa da saman sif da bayan buhunan masara fiye da wanda ya ɓoye abin. Ga kuma yadda bindigar kanta take aiki, wanda da yawa daga masu ita ba su ƙware a kansa ba. Ƙaramar bindiga ta hannu, ko an zare mata gidan harsashi, tana iya riƙe harsashi ɗaya a cikin maƙogwaronta, kuma wannan guda ɗayan ne yake kashe mutane a lokacin goge bindiga ko nuna ta ga aboki. Bindigar toka ƙirar maƙera kuwa, akan ɗura mata albarushi a bar ta watanni a haka, kunamarta ta sassauta saboda tsufa, har ta kai faɗuwa kaɗai ta isa ta sa ta tashi. Ƙofar langa-langa da dangar zana ba sa tare harsashi, saboda haka wanda abin zai sama yana iya kasancewa matar maƙwabci ce tana wanke-wanke a tsakar gidanta.

Idan haka ta faru, maganar da ake fara ji ita ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma jandarmomi, wato jami'an tsaron da ke binciken laifi a nan, idan sun zo, tambayoyinsu daban ne: bindigar wa ce, ina takardar izini, a ina aka ajiye ta, kuma wa ya bar harsashi a ciki.

Dokar da ke tsara makamai a nan ita ce mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba, 2016. Ta kasa makamai rukuni 8, inda na 4 ya ƙunshi makaman kare kai, na 5 kuma na farauta, kuma babu wanda ya halatta ya saya ko ya ajiye ɗaya daga cikinsu sai da izinin hukuma, wanda ma'aikatar harkokin cikin gida take kula da shi. A watan Afrilu na 2018 ministan wannan ma'aikata, Paul Atanga Nji, ya dakatar da sayar da makamai da harsasai a yankuna 6 na ƙasar, har da Adamawa, abin da ke nuna cewa gwamnati ba ta ɗauki maganar da wasa ba. Wani abin da 'yan uwanmu baƙi ba su cika sani ba shi ne, dokar shari'ar soja ta 2017 ta miƙa laifuffukan da suka shafi makaman rukuni na 1 zuwa na 4 ga kotun soja, ko da wanda ake tuhuma farar hula ne. Ma'ana, ɗan kasuwar da aka kama da ƙaramar bindiga ba tare da izini ba, a gaban alƙalan soja zai tsaya, kuma akwai kotun a nan Garwa. Lasisin da aka samu a Najeriya ko Nijar ko Cadi kuwa, aikinsa ya ƙare a kan iyaka.

To, a ce mutum yana da izini cikakke. Izinin ya halatta masa mallaka ne kawai, bai yafe masa sakaci ba. Sashe na 289 na kundin manyan laifuffuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5, da tarar sefa 10,000 zuwa 500,000, wato jaka 10 zuwa jaka 500 a lissafin mutanen nan, ko ɗaya daga cikin biyun, ga wanda ya jawo mutuwar wani ko mummunan rauni ta hanyar rashin ƙwarewa, sakaci, rashin taka-tsantsan ko saɓa wa ƙa'ida. Ku lura, sashen bai nemi a tabbatar da niyyar kisa ba, rashin niyyar ne ma ya sa aka kafa shi. Sashe na 80 kuma ya ce yaron da bai kai shekara 10 ba babu alhakin laifi a kansa, don haka idan irin ɗan Alhaji ne ya taɓa kunama, bincike zai tsallake shi ya koma kan babban da ya bar ɗurarriyar bindiga inda hannun yaro zai kai. Bayan hukuncin laifi akwai biyan diyyar ɓarna, domin sashe na 1384 na kundin dokokin hulɗar jama'a da ake aiki da shi a wannan ɓangare na ƙasar ya ɗora wa mutum alhakin ɓarnar abin da ke hannunsa da ta ƙananan 'ya'yan da ke zaune a gidansa.

Mu Hausawa da 'yan uwanmu Fulani mun saba kai irin wannan magana gaban manya, a je wurin jauro, wato mai unguwa, ko fadar lamiɗo, a ba da haƙuri, dangi su ce sun yafe. Sulhu alheri ne, kuma yana hana gaba tsakanin maƙwabta, amma idan mai gabatar da ƙara na gwamnati ne ya buɗe shari'ar, yafewar dangi ba ta rufe ta da kanta. Mafi muni shi ne masu ɓoye wanda aka harba a ɗaki, suna neman mai magani a ɓoye don gudun tambayar hukuma, har jini ya ƙare masa. Ƙin taimaka wa wanda rayuwarsa ke cikin haɗari laifi ne mai zaman kansa a dokar ƙasar nan, ban da nauyin da ke kan mutum a wurin Ubangijinsa.

Addininmu ma bai bar kisan kuskure haka nan ba. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya ga dangin mamaci da kaffara, wadda ga wanda bai sami bawan da zai 'yanta ba azumin wata biyu ne a jere, diyyar kuwa raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinari. Malaman fiƙihu sun ɗora lamuni har ga wanda ya zama sanadi kawai, kamar wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a wani ya faɗa ya mutu. Ya kuma tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana nuna ɗan uwa da makami, ya kuma umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada ya raunata wani.

A wasu ƙasashe hukuncin ya fi haka tsanani. A jihar Mishigan ta Amurka, ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani yaro ɗan shekara 15 ya kashe ɗalibai 4 a makarantarsu da bindigar da mahaifinsa ya saya kwanaki kaɗan kafin nan. A 2024 kotu ta sami uwar da uban da laifin kisa ba da niyya ba, aka yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 10 zuwa 15, alhali babu wanda ya harba a cikinsu. Nan kusa da mu kuma, a Njamena, daren 9 ga Mayu, 2024, lokacin da aka bayyana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, harbe-harben murna sun yi sanadin mutuwar mutane da jikkatar wasu da dama, saboda harsashin da aka harba sama dole ya sauko, kuma rufin kwano ba ya tsayar da shi.

Akwai wani dattijo mafarauci a unguwarmu da na roƙa ya nuna mini yadda yake yi. Kafin ya tsallako zaure yakan karya bindigar, ya zare harsashin, ya ɗaga bakin zuwa haske ya leƙa har ya ga sarari ta ciki. Bindigar tana shiga dogon akwatin ƙarfe mai kwaɗo, harsasai kuma suna wani akwatin daban a wani ɗaki, makullan biyu suna ɗaure a lalitarsa, takardar izininsa tana cikin leda a aljihun rigar farauta. Na ce, “Baba, idan ɓarayi suka shigo fa?” Ya ce, “Ɗana, akwatin yana gefen gadona, buɗe shi ba ya ɗaukar lokaci, amma jikokina ba sa iya buɗe shi.”

Saura maganar bindigar gado, wadda ita ce aka fi mantawa da ita. Izini da sunan mutum ɗaya ake bayar da shi, don haka idan maigida ya rasu, ɗan da ya ɗauki bindigar ya kai ɗakinsa ya zama mai ajiye makami ba tare da izini ba, ko da takardar mahaifinsa tana hannunsa. Abin da ya kamata magada su yi shi ne su nemi wanda ya iya ya tabbatar babu harsashi a ciki, su kulle ta, sannan babba a cikinsu ya je ofishin hukumar mulki ta gundumarsu ko wurin jandarmomi ya sanar, domin a faɗa musu hanyar neman sabon izini ko ta miƙa ta ga hukuma.