Yadda za ka ɗauki mai kai sammaci a New York ba tare da lauya ba

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman mutanenmu na Bronx da Harlem da Brooklyn. Yau maganar sammaci za mu yi, don da yawa in sun shigar da ƙara da kansu, ko kan kuɗin da suka ba wani ya ƙi biya, ko rigimar haya, ko raba aure, sai su koma gida su miƙe ƙafa suna jiran kotu ta tura masinja kamar yadda aka saba a gida. To nan ba haka ba ne, kai mai ƙara kai ke da alhakin takardar ta isa hannun wanda ka kai ƙara, amma kuma doka ta hana ka miƙa masa da hannunka. Dole wani daban, ɗan shekara 18 ko sama, wanda ba ya cikin shari'ar.

Banda ƙaramar kotun nan ta ƙananan kuɗi, wadda a cikin birnin New York ake kai ƙarar da ba ta wuce dala 10,000 ba, can akawun kotu ne ke tura takardar ta gidan waya, sai in ta dawo ne za a ce ka nemi mai kaiwa.

Wani zai ce to ai sai in ba abokina ya kai. Eh doka ta yarda, amma ni dai ban ba ka shawara ba, saboda abokin nan naka in aka zo aka ce ba a ba mutum takarda ba, shi za a kira ya zo ya rantse gaban alƙali ya faɗi rana da lokaci da kamannin wanda ya ba, kuma kun san mutanenmu da kotu, ranar nan za ka kira wayarsa a kashe. Gara ka biya wanda sana'arsa ce, a intanet ka rubuta process server da sunan unguwarka, ko ka je ofishin Sheriff na birni su ma suna kaiwa in ka biya.

Kafin ka ba shi ko sisi ka tambayi lambar lasisinsa. A birnin New York duk wanda ke kai sammaci sau 5 ko fiye a shekara sai da lasisin DCWP, wato hukumar birni mai kare haƙƙin masu saye da ma'aikata, kuma dole ya riƙe na'urar GPS da ke nuna inda ya tsaya da ƙarfe nawa. Ba haka kawai aka kawo wannan dokar ta GPS ba fa, a 2009 Andrew Cuomo lokacin yana antoni janar na jiha ya maka wani kamfani, American Legal Process, a kotu saboda ma'aikatansa suna rantsuwar ƙarya wai sun kai takarda alhali ba inda suka je, har ya nemi a soke hukunci kusan 100,000 da aka yanke wa mutane a bayan idonsu. In ka faɗa hannun irin waɗannan, ko ka ci shari'a ɗayan zai iya zuwa daga baya ya sa a warware komai ka dawo farko.

Sai maganar kuɗi, ka tambaya sau nawa zai je a kan kuɗin da ya faɗa, don wani zuwa uku ne wani kuma kowane zuwa da kuɗinsa. Ka ba shi adireshin gida da na wurin aiki, hoto in kana da shi, da lokacin da mutumin ke fita, in direban tasi ne mai aikin dare ai ba amfanin a buga masa ƙofa ƙarfe 9 na dare. Kuma ban da Lahadi, a jihar New York sammacin da aka kai ran Lahadi bai karɓu ba.

Lokaci ma yana ƙurewa, kwana 120 gare ka daga ranar da ka shigar da ƙara a kotun jiha, in kotun tarayya ce kwana 90. In mutumin ya ɓuya, ana iya ba wani mai hankali a gidansa ko wurin aikinsa sannan a tura kwafi ta gidan waya, in an yi ta zuwa ba a samu kowa ba a manna a ƙofa a kuma tura. Amma takardar raba aure hannu da hannu ce, sai dai in alƙali ya ba da izinin wata hanya.

Abin da kuɗinka ke saya a gaskiya shi ne takardar shaidar da zai sa wa hannu bayan ya kai, to kar ka karɓa kawai ka cusa a aljihu, tsaya ka duba sunan, adireshin, rana, lokaci da lambar shari'ar, harafi ɗaya in ya kauce ka sa ya gyara nan take. Ka tambaye shi ƙarara, kai za ka shigar da ita kotu ko ni? In ba hannu da hannu aka ba shi ba kwana 20 ne kawai a shigar, shi kuma wanda ka kai ƙara a kotun jiha yana da kwana 20 daga ranar da aka ba shi ya amsa in a hannunsa aka sa, in ta wata hanya ce kwana 30.