Amsoshin Tambayoyinku: Sa kwamfuta ta maimaita maka aikin jadawalin kwangila

Jama'a masu saurare assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan birnin Dikko. Wasiƙun wannan mako da yawansu a kan abu ɗaya suka taru, wato manhajojin tsara aikin kwangila da abin nan da ake kira makiro, shi ya sa muka haɗa su wuri guda.

Ta farko daga wani injiniyan gini ce a Ƙofar Ƙaura. Ya ce yana kula da ginin azuzuwa a wurare uku, kuma da Microsoft Project yake tsara aikin. Duk ranar Alhamis sai ya zauna ya bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya, ya ware waɗanda suka makara, ya kwafe su zuwa Excel ya tura wa maigidansa. Ya ji ana cewa kwamfuta za ta iya yi masa wannan da kanta, to ta ina zai fara alhali bai taɓa karatun rubuta manhaja ba?

Injiniya, ba a yi maka ƙarya ba. Makiro jerin umarni ne da kake ajiye wa manhaja, duk sanda ka kira shi sai ya bi su daga farko zuwa ƙarshe. Da harshen VBA ake rubuta shi, harshen da Microsoft ya fara sakawa a Excel a 1993, kuma yana nan cikin Word da Project na kwamfuta. Amma kafin ka rubuta layi ɗaya, akwai abin da nake roƙonka ka duba, domin a nan na ga mutane da yawa sun sha wahalar banza.

Kalandar da Project ke zuwa da ita Litinin ce zuwa Juma'a, ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma da hutun awa ɗaya, ranar aiki awa 8. Mu kuwa magina da leburorinmu suna fita ranar Asabar, ranar Juma'a kuma ana ajiye cebur a tafi masallaci. Ga hutun Sallah ƙarama da babba, in aikin a Daura yake ga Sallar Gani. In ba ka shiga Change Working Time ka gyara waɗannan ba, duk ranakun da manhajar ta ba ka na kammalawa a karkace suke, makiro kuma zai ɗauki karkatattun ranakun nan ya kai wa maigida cikin daƙiƙa biyu. Haka in an zuba kankare ana jiran ya yi ƙwari ana ba shi ruwa, rubuta jiran da 7ed a maimakon 7d, don manhajar ta ƙirga har da ranakun hutu. Sannan ka danna Set Baseline tun farkon aiki, domin da jadawalin asali a ajiye ake gane aikin da ya kauce daga tsarin farko. Ka kuma leƙa matatun da ke cikin manhajar, wato Filter masu tace ayyuka su nuna waɗanda kake so kawai, akwai mai suna Late Tasks, wataƙila rabin aikinka na Alhamis ita kaɗai ta ishe ka.

To, sai makiro. Ka kwafi fayil ɗinka ka yi gwaji a kan kwafin, kada ka taɓa na ainihi. Ka shiga View, ka zaɓi Macros, ka danna Record Macro. Yi ɗan aiki gajere da hannunka, kamar kunna matatar nan da ɓoye ginshiƙan da ba ka buƙata, sai ka tsayar da naɗin. Danna Alt da F11 tare, za ka ga an rubuta abin da ka yi layi-layi. Zauna ka karanta shi a tsanake, ka canza abu ɗaya, ka sake kunnawa ka ga me ya sauya. Ni a ganina babu malamin farko da ya kai wannan naɗin.

Sai dai yana da iyaka. Abin da ka danna yake riƙewa, bai san dalilinka ba. In ka danna layi na 14 yau saboda ya makara, mako mai zuwa ma layi na 14 zai nufa ko da an gama shi. Kamar yaron da ka aika shago na uku daga kwana ne, ko an tashi an koma wani wuri can zai je ya tsaya. Don haka kalmomi biyu za ka koya da kanka: For Each, mai zagaya ayyuka duka ɗaya bayan ɗaya, da If, mai gindaya sharaɗi. Ka ce masa: kowane aiki, in ranar kammalawarsa ta wuce kuma bai kai kashi 100 ba, sa masa alama. Project na da gurabun alama guda 20, daga Flag1 zuwa Flag20, ka yi amfani da ɗaya, ya fi sauƙi a kan shafa launi. Tura sakamakon zuwa Excel ka bar shi sai ka ƙware a wannan.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗaliba ce a Daura, kuma ta burge ni domin ita har ta fara rubutawa. Ta ce makironta yana tafiya lafiya sai ya tsaya a tsakiya da kuskure mai lamba 91, kuma aikin da ta sa wa kwana 5 sai ya nuna mata 2400.

Ƙanwata, duka biyun sanannu ne, kada ranki ya ɓaci. Na farko, akwai layin da kika bari babu komai a jadawalin don ya yi kyau a ido. Da makiro ya iso nan sai ya nemi sunan aiki ya tarar babu aiki. Ki sa sharaɗin If Not da Is Nothing a farkon zagayen don ya tsallake irin waɗannan layuka. Na biyu kuwa, Project da minti yake ajiye tsawon aiki. Ranar awa 8 minti 480 ce, sau 5 ya ba da 2400, lissafinsa daidai ne, ke ce za ki raba da 480. Ga na uku da ba ki tambaya ba amma yana jiranki a gaba: in za ki tara kuɗin ayyuka, ki tsallake manyan kanun da ake kira Summary, in ba haka ba za ki ƙirga kuɗin sau biyu ki kai rahoto mai kumbura. Ki saba da maɓallin F8, yana tafiyar da makiro layi ɗaya-ɗaya kina kallo. Ki kuma rubuta Option Explicit a saman shafi, zai kama miki kuskuren rubuta suna tun kafin ya yi ɓarna.

Wani matashi daga Dutsin-Ma yana tambaya ko zai iya koyo a waya tunda ba shi da kwamfuta. Ɗan'uwa, VBA ba ya aiki a Excel na waya ko na intanet, Project na kwamfuta kuma sai a Windows. Karatu da kallon darasi za ka iya a waya, gwaji kuwa sai kwamfuta, ko ta aro ce. Ka fara da Excel, ya fi samuwa kuma harshen ɗaya ne. In kuɗin lasisi ne matsalar, ProjectLibre kyauta ce don koyon tsara jadawali, LibreOffice ma kyauta ce kuma tana da nata harshen makiro mai kama da wannan.

Ta ƙarshe daga wata ma'aikaciyar gwamnati ce a nan Katsina. An turo mata fayil ta imel, da ta buɗe sai jan layi ya fito a sama cewa an toshe makiro. Wani abokin aiki ya ba ta shawara ta kashe tsaron gaba ɗaya ta huta.

Hajiya, don Allah kada ki yi. Makiro na iya goge fayil, yana iya aika saƙo da sunanki. A watan Maris na 1999 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Melissa ta yaɗu ta cikin takardar Word, duk wanda ya buɗe sai ta tura kanta ga mutum 50 na farko a jerin adireshinsa na manhajar imel ta Outlook. Saboda irin wannan ne Microsoft ya fara toshe makiro a fayilolin da suka zo ta intanet tun 2022. Ki kira wanda ya turo ki tabbatar shi ne, kuma ya san akwai makiro a ciki. In kin gamsu, ki danna dama a kan fayil ɗin, ki shiga Properties ki zaɓi Unblock, na wannan fayil kaɗai. Ki ajiye kwafi kafin ki kunna, domin a Excel abin da makiro ya canza Ctrl da Z ba sa dawo da shi. Haka duk makiron da kika samo a intanet ko wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta miki, a sa wanda ya iya ya karanta shi tukuna, musamman in takardun albashi ko na kwangila ne a kwamfutar.

Lokaci ya ƙure mana. Akwai masu tambaya a kan wata manhajar tsara aiki mai suna Primavera P6, su ne za mu fara da su a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.