Darasin zane a firamare, daga aji 1 har aji 6

Salamu alaikum jama'a, malamai da iyaye ku matso kusa. Cikin manhajar firamare da hukumar NERDC mai tsara manhajojin makarantun Najeriya ta tsara, zane da aikin hannu suna ƙarƙashin darasin CCA, wato darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, tare da kiɗa da wasan kwaikwayo. Amma a makarantu da dama abin ya koma kwafar nota, malam ya cika allo da ma'anar kala yara su kwahe har a buga ƙararrawa ba wanda ya taɓa tawada.

To mi ya kamata a yi? Daga aji 1 zuwa 3 hannun yaro bai zauna ba tukuna, a bar shi ya yi zane bisa ƙasa, ya murza yumɓu, ya yaga takarda ya manna. In ya zana akuya mai ƙafa shida don Allah malam kar ka sa mai jan biro, tambaye shi mi ya zana ka ji labari.

Aji 4 zuwa 6 nan aikin yake. Wajen shekara 9 ko 10 yaro yana fara gwada zanenshi da abu na gaske, in ya ga bai yi kama ba sai ka ji "ni ban iya ba", kuma da yawa daga nan suke aje fensir. Wanga lokaci dabara yake buƙata, yadda ake awo, yadda shuɗi da rawaya ke ba da kore, yadda ake fidda dagi bisa takarda mai gida-gida ɓangare ya yi daidai da ɗan uwanshi. Kuma mu nan Sakkwato ba sai mun nemi misali nesa ba, ga dukawa nan. Fatar jar akuyarmu da majema ke jemewa da bagaruwa a rina da karan dafi, wadda anka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa sunka sa mata suna fatar Maroko, baduku ba ya ɗora mata wuƙa sai ya fidda fasali, don in ya yanka ba daidai ba kuɗi sun tahi. Ku ba yara kwali su tsara jaka ko takalmi haka nan, zane da farko sannan almakashi.

Iyayen da ke ɗari-ɗari da zanen abu mai rai kuwa, zayyanar allo ta masu sauka kaɗai ta isa aikin zango guda, ga adon ƙwarya ga na hula. Tawada kuma gawayi ne da ƙaro, yaran ma su za su dama abinsu a aji.