Jakara, rafin da muka rufe da siminti

Jama'a masu saurare assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan Jakara ne, rafin nan da ya ratsa tsakiyar birnin Kano, wanda yaran yanzu da yawa sun ɗauka wata ƙatuwar kwata ce kawai.

Wallahi ba haka ta faro ba. Tun kafin Musulunci ya kafu a garin nan akwai wani kurmi a bakin ruwan da mutanen Dala suke girmamawa, kuma a gefensa ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi, ka ga sunan kasuwar ma daga nan ya fito. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da Jakara fadama ce mai ruwa kwance ta raba garin gida biyu.

To gari ya yi ta cika, kowa ya juyo da magudanar gidansa cikinta, ruwan wanki da na banɗaki, jini da ƙazantar mayanka, leda, robar lemo, ga kuma rafin Getsi da ke kwaso ruwan masana'antun Bompai ya zo ya haɗe da ita, duka su gangara dam ɗin Wasai da ke Minjibir wanda aka gina a 1976. Abin da ya fi damuna shi ne masu lambu, bayin Allah da ke wajen Kwakwaci da gaba, da ruwan nan baƙi ƙirin suke ban ruwan latas da kabeji da alayyahu tunda ba su da wani, mu kuma mu saya mu kai wa iyali.

Zamanin mulkin Kwankwaso na biyu aka fara rufe rafin da kankare ana shimfiɗa titi a kai, wanda muke kira titin Wuju-Wuju, aikin ya zo ya tsaya shekaru. Ni ban raina aikin ba, duk wanda ya taɓa kwana a gidan da ke bakin Jakara ya san wari da sauro. Sai dai ruwan da ke ƙarƙashin kankaren yana nan da dauɗarsa, kuma lambunan nan zai je ya faɗa.

Sannan ina wajen zama? Kududdufan da ke shanye ruwan damina ana ta cike su ana kafa shaguna, filin da yara za su buga ƙwallo babu, inuwar da dattijo zai shimfiɗa tabarma da la'asar babu. Muna roƙon hukuma dan Allah a sa matatar ruwa kafin ya kai ga masu lambu, a tilasta wa masana'antu su tace nasu, a dasa darbejiya a sa kujerun zama a gefen titin, kududdufan da suka rage kuma a killace su a bar su.