Yadda Ake Sa Wa Wayar Lasifika Sabon Kai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku dubi bakin wayar nan da na zaro daga bayan lasifika. Ranar da aka fere ta, jan ƙarfenta sai ƙyalli yake yi. Yanzu ta yi duhu, wasu silin sun karye, sauran sun bazu kamar tsohuwar tsintsiya. Irin wannan ce ke sa lasifika ɗaya ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, ko a ji ƙas-ƙas da zarar an taɓa teburi, sai mai gida ya ɗora wa amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, laifi alhali lafiyarta ƙalau.

Jan ƙarfe idan ya daɗe yana shan iska, wata baƙar fata ke rufe shi, kuma wuta ba ta ratsa fatar nan da kyau. Laimar damina na gaggauta abin, ƙurar hunturu ta zo ta cike sauran gurbin. Lasifikar gida yawanci om 4 ce zuwa 8 (om shi ne ma'aunin tirjiyar da abu ke yi wa wuta), wato ƙaramar tirjiya ce, don haka mahaɗa mai datti ko mai sako-sako tana iya cin wani kaso na ƙarfin da aka turo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne silin nan guda da ya kauce. In ya taɓa mahaɗar da ke kusa da shi, mahaɗa ja da baƙa sun haɗu ke nan. Amfilifaya mai kariya za ta kashe kanta, marar kariya kuwa tana iya ƙonewa.

Kafin ka je kasuwa, leƙa bayan kayanka. Idan ka ga noti ja da baƙi masu rami a tsakiya, to za su karɓi kan da masu shago ke kira banana, saboda 'yar ƙirar ayaba da yake da ita. Kaurinsa milimita 4 ne, jikinsa na da 'yan ganyen ƙarfe masu tsauri da ke kama ramin daga ciki. Wani lokaci za ka tarar an toshe ramin da 'yar roba, musamman a kayan da aka yi don kasuwar Turai. Dalili kuwa, banana na iya shiga soket ɗin wutar bango na can, shi ya sa ake toshewa. A yawancin na'urori robar tana fita idan aka zaƙulo ta a hankali. Wannan ma ya isa gargaɗi: kada a bar waya mai banana a hannun yara.

Akwai mai baki biyu kamar cokali mai yatsu, wanda ake zurawa ƙarƙashin noti a ɗaure. Yana kamawa sosai, kuma ya dace da lasifikar da ke manne da bango, sai dai yana so a riƙa duba notin lokaci-lokaci. Idan kuma bayan rediyonka 'yan maɓallai ne da ake dannawa rami ya buɗe, banana ba zai shiga ba, sai siririn kai mai kama da ƙusa.

Maganar ruwan zinari fa? Zinari bai kai jan ƙarfe iya ɗaukar wuta ba, azurfa ma ta fi su duka. Amfaninsa shi ne ba ya dusashewa. Saboda haka ni ban yarda mutum ya zuba kuɗi da tunanin kai mai tsada zai ƙara wa kiɗa zaƙi ba. Abin da nake nema a kai shi ne ya shiga da ɗan ƙarfi, ya zauna daram, kuma ya kasance da sukurori biyu masu danne waya.

To, mu zo kan aiki. Kashe amfilifaya, ka zare ta daga wuta. Datse bakin wayar har ka kai inda jan ƙarfe ke ƙyalli. Tun da ka yanke, kankare sili ɗaya da wuƙa ka gani. Idan cikinsa fari ne, sanholo ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, kuma wutar da yake ɗauka ba ta wuce kusan kashi 60 cikin 100 na ta jan ƙarfe zalla ba, ga saurin karyewa a ƙarƙashin sukuru. Irin wannan gara a sauya ta gaba ɗaya. Ga ɗaki madaidaici, waya mai lamba 16 ta wadatar, in tafiyar da nisa a nemi lamba 14, domin a wannan awon ƙaramar lamba ita ce mai kauri.

Fere roba kamar santimita ɗaya, ba tare da ka yanke silin ba. Murza su da yatsa su haɗe. Zura marfin kan a jikin wayar tukuna, nan ne mutane suka fi mantuwa. Sai ka tura wayar ciki, ka ɗaure sukurorin tamau. Kada ka shafa wa bakin dalma idan sukuru ne zai danne shi, domin dalma tana da laushi, a hankali take lotsawa har ɗaurin ya saki. Yanzu ja wayar da ɗan ƙarfi. In ta motsa, kwance ka sake.

Saura ja da baƙi. Duba jikin wayar, ɗaya gefen na da zane, rubutu ko ɗan tudu. Wannan gefen ya tafi ja a amfilifaya, ya tafi ja a lasifika, haka a duka biyun. Idan aka juya ɗaya, fatar wannan lasifikar, wato faifan da ke motsi yana fitar da sauti, na turowa ta waccan na ja baya, sai kaurin sautin ya zube, muryar mai magana ta rasa tsakiya. In alamar ta goge, cire wayar daga amfilifaya ka ɗauko batirin tocila mai bolt 1.5. Ɗora waya ɗaya a gindinsa, ka ɗan taɓa kansa da ɗayar, taɓawa ɗaya kawai. Ku kalli fatar lasifikar: ta turo waje. Tun da ta turo waje, wayar da ta taɓa kan batirin, ba gindinsa ba, ita ce ta ja, sai ka naɗa mata jan salatif.